Sabuntawa ta ƙi hawa kan wayoyin tsofaffin masu amfani da manhajata, don Allah a duba mini

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Kwana uku ke nan ina fama da abu ɗaya, har barci ya ƙaurace mini. Ina da wata manhajar Android ta ajiye lissafi da na rubuta da Flutter, kayan aikin gina manhajojin waya. Duk abin da mutum ya rubuta a cikin wayarsa yake zama, babu saba (kwamfutar da ke ajiye bayanai a intanet), babu shiga da asusu. Kusan shekara guda ina raba ta hannu da hannu: in gina fayil ɗin APK, wato fayil ɗin girka manhaja a Android, in tura wa mutane ta WhatsApp, idan na yi gyara in sake turawa, su danna ta hau kan tsohuwar lafiya lau. Watan jiya Allah ya nufa na kai ta Play Store, ta gama gwaji ta fito fili. Sababbin mutane suna saukewa ba wata matsala. Amma waɗanda suke da tsohuwar, su kusan 80, Play ta ƙi sabunta musu. Na sauko da APK daga Play Console, shafin da mai manhaja ke kula da ita a Play, na tura wa mutum uku, duka wayar ta ce ba a girka manhajar ba, ba ƙarin bayani. Sunan kunshin, wato sunan da Android ke gane manhajar da shi, ɗaya ne, ban taɓa shi ba. Me na ɓata?

Auta:
Wa alaikumus salam. Ka ce su cire tsohuwar su sauko da sabuwar, shi ke nan. Ni kullum haka nake yi kuma yana aiki.

Hajiya Mai Flutter:
A'a Auta, dakata. Ka sake karanta abin da ya rubuta. Ya ce bayanan a cikin waya suke. Ranar da mutum ya cire manhajar, lissafinsa na shekara guda ya tafi tare da ita, kuma ba mai dawo masa da shi. Ɗan Koyo, kafin komai ka tura wa mutanen nan saƙo yanzu yanzu cewa kada kowa ya cire tsohuwar har sai ka yi magana. Wani zai gaji da jira ya cire da kansa.

Ɗan Koyo:
Hajiya na gode, wallahi ban yi tunanin wannan ba. Na tura musu yanzu.

Baban Kotlin:
Ina zargin lambar siga ce. Android ba ta yarda a ɗora sigar da versionCode ɗinta ya gaza na wadda ke kan waya. Mutane da yawa idan za su shiga Play sai su koma 1 saboda a ganinsu sabon farawa ne, alhali wadda suka raba a baya ta kai 14 ko 20. Duba pubspec.yaml, fayil ɗin saitin aikinka na Flutter, lambar da ke bayan alamar tarawa ita ce versionCode.

Ɗan Koyo:
Baba na duba. Ta ƙarshe da na raba 1.4.0+19 ce, ta Play kuma 1.5.0+22.

Malam Injiniya:
Kada mu yi ta harbi a duhu. Wannan saƙon da waya ke nunawa na cewa ba a girka ba, rufa ne kawai, dalilai sun fi goma a ƙarƙashinsa kuma duk fuska ɗaya suke nunawa. Ainihin dalilin yana nan, sai dai allon waya ba ya faɗa. Ƙanena, nemo waya ɗaya mai tsohuwar sigar, ko ka girka tsohon APK ɗin a taka wayar ta gwaji. Kunna USB debugging, saitin da ke ba kwamfuta damar ba waya umarni, haɗa ta da kwamfuta da kebul, ka buga:

adb install -r sunan-fayil.apk

Ka kwafo mana layin da ya fito, harafi da harafi. Idan lambar siga ce za ka ga INSTALL_FAILED_VERSION_DOWNGRADE. Idan wuri ne ya ƙare, INSTALL_FAILED_INSUFFICIENT_STORAGE. Idan fayil ɗin bai dace da injin wayar ba, INSTALL_FAILED_NO_MATCHING_ABIS. Ina da abin da nake zargi amma bari mu gani da ido.

Ɗan Koyo:
Malam ga shi: INSTALL_FAILED_UPDATE_INCOMPATIBLE, sannan ya ƙara da cewa sa hannun bai yi daidai da na sigar da ke kan wayar ba.

Malam Injiniya:
To, abin da nake tsoro ke nan. Bari in yi bayani a tsanake don akwai sababbi a zauren nan.

A wurin Android, sunan kunshi kaɗai ba ya isa a ce manhaja biyu abu ɗaya ne. Kowane APK yana ɗauke da sa hannu da aka yi da wani makulli na sirri. Idan sabuntawa ta zo, wayar tana gwada takardar shaidar sa hannun sabuwar da ta tsohuwar. Sun dace, ta hau, ta gaji duk bayanan da ke ciki. Ba su dace ba, ta ƙi. Kuma wannan ƙin alheri ne, domin da babu shi, kowane ɓata-gari zai iya gina manhaja da sunan kunshin taka, ya tura wa mutanenka a matsayin sabuntawa, ya kwashe abin da suka ajiye.

Yanzu ga inda ka faɗa. Tun watan Agusta na 2021 duk sabuwar manhaja a Play sai an loda ta a matsayin AAB, wato dunƙulallen fayil ɗin manhajar, ba APK ba. Daga AAB ɗin ne Play take yanka ƙananan APK da suka dace da kowace waya, kuma ita ce take sa musu hannu. Saboda haka makulli biyu ne a tsarin: na lodawa, wanda ke hannunka, aikinsa kawai ya shaida wa Play cewa kai ne ka turo, da na sa hannun manhaja, wanda shi ne wayoyin mutane ke gani. Idan ba ka zaɓi wani abu daban ba lokacin saitawa, Google ce ta ƙirƙiri na biyun. Wayoyin mutanenka 80 ba su taɓa ganin wannan makullin ba.

Baban Kotlin:
Na janye maganar lambar siga. Amma wannan ne ya sa nake ta faɗa a zauren nan cewa mutum ya riƙe makullinsa. Lokacin saitawa akwai zaɓin ka ba Play naka makullin, a ɓoye shi da kayan aikin PEPK a loda. Da ya yi haka, da makullin da ya raba APK da shi da wanda Play ke amfani da shi sun zama ɗaya, da ba mu zauna wannan zaman ba. Kuma ko gobe ya so kai manhajar wani kantin manhajoji daban, sa hannun ɗaya ne ko'ina. Wanda ya bari aka ƙirƙira masa, ba zai taɓa samun kwafin makullin sirrin ba.

Malam Injiniya:
Baba, a kan wanda ya riga ya raba manhaja a waje, ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Amma a matsayin doka ga kowa, ban yarda ba. Ka tuna zamanin da makulli ɗaya ne tak, yana kan kwamfutar mutum. Kwamfuta ta mutu ko an manta kalmar sirri, shi ke nan, manhajar ta mutu a tsaye, sai dai a buɗe sabuwa da sabon sunan kunshi a rasa duk masu amfani da duk sharhin da aka tara. Na ga wannan ya faru da mutane masu ƙwazo, ba sakarkaru ba. A tsarin yanzu idan makullin lodawa ya ɓace, kana neman a sauya maka shi daga Play Console, manhajar ta ci gaba da rayuwa. Ga mai farawa wanda bai saba da ajiyar makulli ba, wannan rahama ce.

Baban Kotlin:
Ai ko ka loda naka makullin kana samun wannan rahamar, Malam. Kwafi na wurinsu, kwafi na wurinka, makullin lodawa kuma daban. Me aka rasa?

Malam Injiniya:
An rasa abu ɗaya: kwafin da ke wurinka zai iya fita. Mutum nawa ka gani sun tura fayil ɗin makulli na jks da key.properties mai kalmar sirrinsa cikin ma'ajiyar GitHub, inda ake ajiye rubutun manhaja a intanet, a buɗe? Makullin lodawa idan ya fita ana sauya shi cikin sauƙi. Na sa hannun manhaja idan ya fita, magana ta yi nauyi. Amma na yarda, ga wanda ya san abin da yake yi kuma yana raba manhaja ta hanya fiye da ɗaya, hanyarka ce daidai.

Hajiya Mai Flutter:
Ku yi haƙuri in katse ku, akwai abin da ke damuna tun ɗazu. Ɗan Koyo, yaushe ka ƙirƙiri fayil ɗin makullinka? Tun farkon rabawa, ko sai da za ka shiga Play?

Ɗan Koyo:
Sai da zan shiga Play, Hajiya. Na bi umarnin da ke shafin Flutter na yi keytool na ƙirƙira. Kafin nan flutter build apk kawai nake bugawa ya fito.

Hajiya Mai Flutter:
To ka ga abin da nake nufi. Sabon aikin Flutter yana zuwa ne da saitin da ke sa wa ginin fitarwa hannu da makullin gwaji, har sai ka canza da kanka a build.gradle. Akwai ma ɗan rubutu a wurin da ke tunatar da kai ka sa naka, amma yawancinmu ba ma lura. Wato shekara guda kana raba manhajar da makullin debug na kwamfutarka. Tabbatar da kanka, ka buga wannan a kan tsohon fayil ɗin:

apksigner verify --print-certs tsohon-fayil.apk

Idan ka ga CN=Android Debug, magana ta tabbata.

Ɗan Koyo:
Innalillahi. Haka ya nuna, CN=Android Debug.

Hajiya Mai Flutter:
Kwantar da hankalinka, gara da muka gano yanzu. Abu na farko, kafin ka sake buga ko harafi ɗaya: je babbar foldar mai amfani a kwamfutarka, akwai ɓoyayyen folda mai suna .android, a ciki akwai debug.keystore. Kwafe shi ka ajiye a wuri biyu daban. Kowace kwamfuta tana ƙirƙirar nata ne, ba a samun biyu iri ɗaya. Idan ka goge kwamfutar ko ka canza wata, ba za ka ƙara iya tura wa mutanen nan 80 ko sabuntawa ɗaya ba. Wannan ɗan fayil ɗin shi ne kaɗai ƙofar da ta rage maka zuwa bayanansu.

Baba, ka ga a nan shawararka ma ba za ta yi ba, don ba wanda zai so makullin gwaji, mai kalmar sirrin da duk duniya ta sani, ya zama makullin manhajarsa na dindindin.

Baban Kotlin:
Gaskiya ne Hajiya, ban kawo wannan a raina ba. To mafita ɗaya ce ke nan: gada. Ya gina siga ta ƙarshe da tsohon makullin, mai maɓallin fitar da bayanai zuwa fayil. Ta Play kuma ya sa mata maɓallin shigo da su.

Auta:
Tambaya don Allah. Ba akwai adb uninstall -k ba, wanda ke cire manhaja ya bar bayananta? Ko ajiyar da Android ke yi da kanta a Google Drive?

Malam Injiniya:
Tambaya mai kyau, Auta, amma duka biyun ba za su fitar da shi ba. Idan ka cire da -k, wayar tana riƙe bayanan tare da tunawa da sa hannun mai su, sai sabuwar ta zo ta sake cin karo da kuskuren nan dai. Ajiyar Android ma tana duba sa hannu kafin ta mayar da bayanai. Kuma ko da yana aiki, ba za ka bi mutum 80 da kebul ba.

Ƙanena, ga yadda zan yi da ni ne, kuma jerin yana da muhimmanci. Fara da ta Play: sa mata shigo da bayanai, ka fitar, ka jira ta wuce bita ta bayyana. Sai bayan nan ka raba gadar. Idan ka juya jerin, wani zai fitar da bayanansa ya cire tsohuwar, ya je Play ya tarar babu inda zai shigo da su, hankalinsa ya tashi.

Wurin ajiye fayil ɗin shi ne inda aka fi yin kuskure. Kada ka rubuta shi a foldar manhajar, ko ta ciki ko wadda ke ƙarƙashin Android/data, domin duka ana share su ranar cirewa. Ka bar mutum ya zaɓi wuri da kansa ta tagar ajiye fayil ta Android, ko ka buɗe masa tagar rabawa ya tura wa kansa ta imel. Ni na fi son a yi duka biyun. Sannan bayan an rubuta, manhajar ta sake karanta fayil ɗin ta ƙirga, ta nuna masa cewa an fitar da layi kaza. Idan ya shigo da su a sabuwar ta sake nuna adadin. Mutum ya ga lamba ɗaya a wuri biyu, zuciyarsa ta kwanta.

Hajiya Mai Flutter:
Ƙari a kan na Malam: ka fitar da su a JSON, wato tsarin ajiye bayanai a rubuce, kada ka kwafi fayil ɗin ma'ajiyar bayanan kai tsaye. Idan tsarin teburanka ya canza tsakanin 1.4 da 1.5, kwafin kai tsaye zai ba ka wahala, kuma kwafar ma'ajiya tana buɗe kan bar rubutun ƙarshe a baya. Ka sa lambar tsari a saman fayil ɗin don gaba.

Sai lambar siga, a nan maganar Baba ta farko za ta dawo. Ka taɓa ginawa da --split-per-abi, wato fitar da APK daban ga kowane irin injin waya? Idan ka yi, Flutter tana ƙara dubbai a kan lambar: ta armeabi-v7a ta zama 1019, ta arm64 ta zama 2019. Idan yanzu ka gina gadar a dunƙule da lamba 23, waɗancan wayoyin za su ƙi ta saboda 23 bai kai 2019 ba.

Ɗan Koyo:
Na fara gwada hakan sau biyu don fayil ɗin ya yi ƙanƙanta, daga baya na ci gaba da shi. To in ba gadar lamba 5000 kawai?

Hajiya Mai Flutter:
Ba laifi, tunda ita ce ta ƙarshe a wannan layin kuma cire ta za a yi. Amma a reshe daban, kada 5000 ɗin ta shiga wadda za ka loda a Play. Lambar da ka fitar a can ba ta komawa baya.

Sabuwar Shiga:
Salam, ku gafarce ni in shigo da tawa. Ni ta iPhone ce. Masu gwajina sun wayi gari manhajar ta ƙi buɗewa, TestFlight, manhajar Apple ta raba gwaji, na cewa ginin ya ƙare. Ban taɓa komai ba. Shin irin wannan matsalar makullin ce?

Yaya Mai iOS:
A'a ƙanwata, taki mai sauƙi ce. Kowane gini a TestFlight kwana 90 yake yi daga ranar lodawa, sai ya mutu. Ƙara lambar gini, ki sake lodawa, su sabunta daga cikin TestFlight, bayanansu na nan ba abin da zai same su matuƙar ba su goge manhajar ba. Ki sa wa kanki tunatarwa a kwana na 80. Wadda ta fito a App Store kuwa ba ta da wannan wa'adin, ko takardar shaidarki ta rabawa ta ƙare, waɗanda suka sauke za su ci gaba da amfani, ke ce dai ba za ki iya loda sabo ba sai kin sabunta ta.

Auta:
Malam, bayaninka na makulli biyu ya buɗe mini ido a kan wata matsala tawa. Shiga da asusun Google yana aiki a ginin da nake yi a kwamfuta, amma wanda aka sauko daga Play yana ba da kuskure mai lamba 10. Sati biyu ina zargin abin da na rubuta a manhajar.

Malam Injiniya:
Uwa ɗaya ce ta haife su. Ka yi wa Firebase, hidimar Google da ke kula da shigar, rajistar SHA-1 (lambar shaidar makulli) na makullin kwamfutarka, amma abin da ke wayoyin mutane na Play ne. Shiga Play Console, shafin App integrity, za ka ga takardun shaida biyu. Ɗauki SHA-1 da SHA-256 na sa hannun manhaja, ba na lodawa ba, ka ƙara su a saitin aikinka na Firebase. Haka duk wata hidima da ke tantance manhaja da sa hannu, har da taswira da hanyoyin da ke buɗe manhaja kai tsaye daga adireshin intanet.

Auta:
Ya yi! Allah ya ƙara ilimi, Malam.

Ɗan Koyo:
'Yan zaure ga rahoto bayan kwana shida. Ta Play mai shigo da bayanai ta fito. Na bi shawarar da Baba ya ba ni ta gefe, na fara sakinta ga kashi 20 cikin ɗari na kwana biyu kafin in buɗe wa kowa, tunda ya ce idan an sami ɓaraka ana iya dakatarwa amma wanda ya riga ya karɓa sai an tura masa gyara da lamba mafi girma. Na raba gadar da ɗan bidiyo na minti ɗaya. Zuwa yanzu mutum 61 sun ƙaura, adadin layukansu ya yi daidai. Mutum biyu sun riga sun cire tun kafin saƙona na farko ya isa gare su, wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, na kira su na ba su haƙuri.

Saura waya ɗaya da ta gagare ni. Mai ita ya fitar da bayanansa, ya cire tsohuwar, na gani da idona babu ita a allon, amma ta Play ta ƙi hawa. Na haɗa da kebul, kuskuren sa hannun nan ne dai.

Malam Injiniya:
Madalla da wannan aiki, ƙanena. Waccan wayar kuwa, tsohuwar ba ta fita duka ba. Idan waya tana da mai amfani na biyu, ko ɓangaren aiki, ko irin ɓoyayyen wurin nan da wasu wayoyi ke da shi na kwafin manhajoji, cirewa daga allo tana cire ta ne ga mutum ɗaya kawai, kunshin yana nan a ƙasa da tsohon sa hannunsa. Buga adb shell pm list users ka ga ko sun fi ɗaya. Kafin ka yi komai, ka tambaye shi ko ya taɓa rubuta lissafi a wancan ɓangaren, in ya yi a fitar da shi tukuna. Sannan adb uninstall da sunan kunshin, wannan yana cire ta ga kowa.

Ɗan Koyo:
Masu amfani biyu ne, Malam. Ya ce ɗansa ne ya buɗe na biyun, babu lissafi a ciki, na duba na tabbatar. Na cire da adb, ta Play ta hau, layi 1,340 sun shigo cif. Saura mutum 16 da ba su buɗe saƙona ba tukuna, gobe zan bi su ɗaya bayan ɗaya da kira.

Hajiya Mai Flutter:
Kada ka goge debug.keystore ɗin nan har sai na ƙarshensu ya ƙaura, ko da zai kai wata shida.